Koren Zobe

Injin yana tsakiyar cin haƙori na ƙarshe a jikin makullin sai ƙaramar wayar ta fara rawa a kan tebur. Mai Makulli bai ɗaga kai ba. Mai kayan yana tsaye a kansa yana jira, kuma ba a barin makulli a rabi, hannu na gocewa ƙarfen ya tashi a banza. Wayar ta yi ta rawa har ta gaji. Ya hure garin ƙarfen, ya goge da burushi, ya jera sabon da tsohon ya ɗaga su a hasken rana. Bai kai ga miƙawa ba wayar ta sake ɗaukar rawa.

"Ka amsa mana," in ji Mai Agogo daga teburinsa na gefe, gilashin aiki maƙale a idonsa ɗaya. "Ko likitarka ce?"

"Ita ce."

"To fara haki tun yanzu, ta ji kamar tafiya kake."

"Ka ji da matattun agogunanka."

Likitar da suke nufi ba likita ba ce. Auta ce, 'yarsa ta ƙarshe, wadda ke aikin ofis a wani gari. Bara hawan jini ya kayar da shi, aka kwantar da shi, aka sallame shi da sharaɗin ya rage zama ya riƙa taka ƙasa kullum. Auta ta san halin ubanta. Ta zo masa da wani baƙin agogo marar hannu da babbar waya ta shafawa, ta zauna ta haɗa su da wata manhaja, sannan ta haɗa manhajar da tata wayar. Ta nuna masa wani zobe a fuskar wayar. Da safe fanko yake tashi. Duk takun da mutum ya yi sai kore ya ɗan ci gaba a jikinsa, in ya zagayo ya haɗe, wayarta ta yi ƙara a can inda take. Bugun zuciya ma tana gani, har da barci.

"Ba sauran ƙarya, Baba," ta ce tana dariya.

Ya daure 'yan kwanaki. Garin ƙarfe ya riƙa shiga ƙarƙashin madaurin yana ci masa fata. Abin da ya fi ba shi haushi, yana tsakiyar aiki sai agogon ya girgiza masa hannu, wai ya daɗe a zaune, ya tashi. Shi da ya ci da gida a kan kujerar nan tun ba a haifi mai sayen agogon ba. Wata safiya yana shan shayi yana kallon matarsa. Ta share ɗaki, ta sauka ƙasa ta ɗebo ruwa, ta hau, ta sake sauka da shara, ta hau, tana shirin kasuwa.

"Tsohuwa, kawo hannunki."

"Malam, wannan ai ha'inci ne."

"Ha'incin me? Taku taku ne. Ba gida ɗaya muke ba?"

Ya ɗaura mata. Agogon ba ya aika komai sai wayar na kusa da shi, don haka ya jefa babbar wayar a jakarta. Ya kai wayar wurin mai gyara aka kashe mata murya gaba ɗaya, ya kuma kafa doka: ko wa ya kira, kada ta taɓa. Auta kuwa ya ce mata ɓarayi sun yi yawa a kasuwa, babbar tana can ƙasan aljihu, ta riƙa neman sa a ƙaramar.

Abu ya tafi daidai. Zobe ya riƙa cika, Auta na turo yabo. Da ta ga ƙoƙarin ya yi yawa sai ta ƙara masa adadin takun, bayan wani lokaci ta sake ƙarawa. In ya dawo da yamma yakan tambaya, "Ya cika?" In Tsohuwa ta ce saura kaɗan, sai ya ce, "To a cika shi mana, kafin yarinyar nan ta fara damuna." Washegari sai ya tarar ya cika tun kafin ya dawo. Bai taɓa tambayar yadda aka yi ba.

Kwanan baya ne Auta ta sauya waƙa. Wai manhajar na nuna mata jan ɗigo, wai bugun zuciyarsa na tsalle-tsalle, ya je a duba shi. Ya dafa ƙirjinsa ya ji lafiya lau. Mai Agogo ya ce agogon da ko hannu ba shi da shi ina ya ga ta sanin zuciya. Sau ɗaya dai ya taɓa wa matarsa zancen, suna cin abinci.

"Wai abin hannunki ya ce zuciyarki na tsalle."

"Ina zaune da kai, ba dole ta yi tsalle ba?"

Suka yi dariya, aka wuce wurin.

Yanzu ya sallami mai makullin, ya goge hannu a tsumma, ya danna wayar.

"To, me kuma na yi?"

"Baba! Baba, kana ina? Kana jina?"

Ba muryar tsiya da wasa da ya saba ji ba ce. Wannan a shaƙe take.

"Ina shago. Ina zan je?"

"Zauna. Kada ka motsa. Wa ke kusa da kai?"

"A zaune nake, ke. Mene ne?"

"Manhajar ta turo mini jan saƙo. Ta ce ka faɗi. Baba, bugun zuciyarka ya haura ɗari da sittin, kuma ba tafiya kake ba, tun ɗazu ko taku ɗaya ba ka yi ba. Ka faɗi ne? Ka gaya mini gaskiya."

"Ni ban faɗi ba. Na gaya miki agogon nan..."

Bai ƙarasa ba. Idonsa ya sauka a kan tsintsiyar hannunsa, ba komai a wurin sai gashi da baƙin mai. Hayaniyar kasuwa ta ja baya kamar an toshe masa kunne.

"Baba?"

"Zan kira ki."

Ya kashe. Ya nemo lambar Tsohuwa, ta 'yar wayarta mai madannai. Ta yi ƙara har ta katse. Ya sake, ta katse. Ya nemo lambar babbar wayar, babban yatsansa na zamewa a kan madannin. Tana shiga. Yana ji tana shiga, yana kuma sane da cewa a can cikin jaka ko motsi ba ta yi, shi ya biya aka kashe mata murya. Ko da Tsohuwa ta ga hasken ma ba za ta ɗauka ba. Ba ta taɓa karya masa doka ba.

Ya miƙe, kujerar ta kife a bayansa.

"Duba mini shago."

"Lafiya? Ka bar injin a kunne."

"Tsohuwa ce."

Mai Agogo ya zare gilashin daga idonsa. Ya miƙa hannu ya kashe injin.

A bakin kasuwa bas ɗin unguwarsu na tsaye, rabinta fanko, direba ya kwantar da kujera yana sakace haƙori. Ba za ta motsa ba sai ta cika. Mai Makulli ya wuce ta ya tare mai babur, abin da ya rantse ya daina hawa tun da ƙiba ta kama shi. Babur ɗin ya nutse da ya zauna.

"Alhaji, a hankali ko da sauri?"

"In ka ga rami ka tsallake shi."

Ba su yi nisa ba suka faɗa cunkoso. Wata babbar mota ta mutu a tsakiyar shataletale, an kewaye ta ana ta zuba hon kamar shi zai tashe ta. Mai babur ya kutsa tsakanin motoci, gwiwar Mai Makulli na gogar ƙarfe hagu da dama. Wayar na ta rawa a aljihunsa. A karo na ba-adadi ya ciro ta.

"Me ya sa ka kashe mini waya? Ƙarar me nake ji? Baba, babur ka hau?"

"Nawa ne yanzu?"

"Me?"

"Bugun! Nawa ya nuna?"

"Bai sauka ba. Yana hawa yana faɗowa, yana hawa yana faɗowa. Asibiti za ka? Ka ce wa mai babur ɗin ya kai ka mafi kusa, don Allah kada ka yi gardama yau."

"Ki zuba masa ido. In ya canza ki gaya mini."

"Kai ba ka ji a jikinka ne? Kana tambayata kamar..."

Hon ɗin wata mota ya cinye sauran. Ya mayar da wayar aljihu.

Gidansu bene ne na haya, ɗakinsu a hawa na uku. Ya manta rabon da ya hau matakalar nan ba tare da ya tsaya ya zagi mai gidan ba. Yau bai tsaya ba. Ya isa sama numfashinsa na fita da ƙara, gumi na shiga masa ido. Tun daga nesa ya hango kwadon a rataye a ƙofa. Shi ya sa shi da hannunsa, kuma kwado ba ya rufe kansa daga ciki. Ba ta nan. Duk da haka ya buɗe, don ido ya gani.

Ɗakin a share. Tukunya a jiƙe a cikin baho. 'Yar wayarta na kan taga a jikin caji, kiransa a jere a fuskarta. Kwandon kasuwa na rataye a ƙusarsa, ke nan ba cefane ta je ba. Takalmin fitarta ne babu, da jakar.

"A'a, Malam, yau da rana tsaka?"

Maƙwabciyarsu ce ta leƙo, hannunta duk kumfar wanki.

"Ina ta tafi?"

"Inna? Ai lokacin zagayenta ne."

"Wane zagaye?"

"Au, ba ka sani ba? Kullum in ta gama aiki sai ta ɗauki jaka ta fita, wai za ta cika maka zobe. Ta ce aikin gida ya daina isa tun da aka ƙara. Mu har soja muke ce mata." Ta yi dariya, sai ta ga fuskarsa, dariyar ta tsaya. "Lafiya dai ko?"

"Ta ina take bi?"

"Wallahi ban sani ba. Yau nan, gobe can. Ni dai na ce mata ta rage, don kwanan nan sai ta zauna ta huta a matakala kafin ta iso sama. Na ɗauka ka sani."

Ya tsaya a bakin ƙofa da kwado a hannu. Unguwar nan lunguna ne kamar hanji, ga babban titi, ga bayan makaranta, ga filin da ake zubar da shara. Ta ina zai fara? Wayar ta sake rawa. Ya dube ta. A rayuwarsa bai taɓa ba ɗan da ya haifa haƙuri ba, bai kuma taɓa cewa na yi ƙarya ba ko a gaban wanda ya girme shi. Ya danna.

"Auta, saurara. Agogon ba ya hannuna."

"Ka cire shi? To ai yana nuna..."

"Yana hannun uwarki."



"Tun yaushe?"

"Tun farko-farko."

"Duk zoben nan?"

"Duka."

"Jan ɗigon da nake ta gaya maka..."

"Nata ne. Ba ta gida, ban san inda take ba. Ki zage ni daga baya. Abin nan naki zai iya faɗin inda take?"

Ya jira ihu, ihu bai zo ba. Ya ji numfashinta kawai, da ƙarar kujera da aka tura. Da ta yi magana, muryar ta zama ta ofis, a daskare, irin wadda ake yi wa baƙo.

"Saƙon faɗuwar ya zo da taswira. Na ga ɗigon ba a kasuwa yake ba, amma da ka ce kana shago sai na ɗauka wayar ce ta yi kuskure. Kai na yarda da shi." Sannan ta ce, "Akwai gidan mai a babban titi, bayan makaranta?"

"Akwai."

"Gaba da shi akwai gadar masu ƙafa. Ɗigon na gindinta, ta ɓangarenku."

"Me za ta yi a gada?"

"Hawan matakala ya fi saurin cika zoben. Ni na gaya maka haka. Kai kuma ka gaya mata, ko?"

Shi ya gaya mata. Ya tuna ranar, har da dariyar da ya yi.

Ya bar ƙofar a buɗe ya fara sauka, wayar a manne da kunnensa. Yana hawa na biyu Auta ta ce, "Baba."

"Ina ji."

"Ya daina karantawa."

"Kamar yaya?"

"Lambar ta ɓace. Layi biyu kawai nake gani a wurin."

"Me ke nan?"

"Ko dai an cire agogon daga hannunta, ko kuma..."

Ba ta ƙarasa ba, shi ma bai ce ta ƙarasa ba.

A ƙofar gida ba babur ko ɗaya. Ya duba hagu ya duba dama, sai ya fara gudu. Mutanen layin da suka saba ganin sa yana tafe kamar an ɗora masa buhu suka bi shi da kallo. Tarin makullan da ke ƙugunsa na ta kaɗawa, tumbinsa na gaba yana baya, takalminsa ɗaya na neman fita. Ya yanke ta lungun masu wanki, ya taka ruwan kwata, ya ɓullo bayan makaranta. Ƙirjinsa ya ɗauki wuta. Wani abu na soka masa haƙarƙari. Muryar Auta na fitowa daga tafin hannunsa, ƙarama, "Ka kai? Baba, ka kai?" Ba shi da iskar amsawa.

Nan Tsohuwa take bi kullum, da rana tsaka, a cikin wannan zafin. Shi yana can ƙarƙashin rumfa yana musu da Mai Agogo a kan ƙwallo.

Ya wuce gidan mai. Ya hango gadar, ya hango mutane sun yi da'ira a gindinta. Kafin ya ga komai sai da ya ga takalminta, ƙafa ɗaya, a kife a kan matakala ta uku ko ta huɗu.  Ya kutsa cikin mutanen.

"Ku matsa! Matata ce, ku matsa!"

Tana ƙasa, an jingina kanta a cinyar wata mai sayar da lemo, wata dattijuwa da ta bar tirenta tana mata fifita da kwali. An jiƙa mata fuska da ruwa. Leɓɓanta sun yi fari-fari kamar toka, ɗankwalinta ya zame, furfurar da take ɓoyewa duk a waje. Jakar na maƙale a hammatarta, ta riƙe ta gam. Tsintsiyar hannunta ba agogo, sai farin zanen inda yake zama.

Ya durƙusa, gwiwoyinsa suka bugi siminti. Ya kai kunnensa bakinta. Da farko bugun nasa jinin kawai yake ji. Can ya ji iska mai ɗumi ta taɓa masa kunci.

"Kai ne mijin?" in ji mai lemo. "Kullum nan take hawa ta sauka, ta hau ta sauka. Na ce baiwar Allah, me kika jefar a saman nan? Yau tana saukowa sai ta dafe ƙirji ta sulale. Mun rasa wa za mu kira, ta hana a taɓa jakar." Ta kwance bakin zanenta ta ciro agogon. "Ungo abinku. Sai zillo yake yana kuka a hannunta, na ce ko shi ke tsotse mata jini, na cire."

Ya ɗaga wayar. "Tana numfashi. Cire shi aka yi."

Abin da ya fito daga can ɓangaren ba magana ba ce, kuka ne. Ya bar ta tana yi.

Tsohuwa ta buɗe ido rabi. Ta daɗe kafin ta gane shi. Leɓɓanta suka motsa, ya sunkuya.

"Malam... bai cika ba."

"Ya ci gidansu," ya ce. "Zoben ya ci gidansu. Rufe bakinki." Ya ɗago ya dubi masu kallo. "Ku kuma sinima kuka zo? A tare mini mota!"

Wani mai tasi ya tsaya. Mai Makulli ya sa hannu ya ɗauke ta, ya yi mamakin rashin nauyinta. Yaushe ta rame haka? Mai lemo ta biyo su da takalmin ta cusa ta taga. Duk hanya yana riƙe da tsintsiyar hannunta, yana laluben jijiyar da babban yatsa kamar yadda yake laluben haƙoran kwado. Ya same ta. Tana gudu, ta tsaya, ta yi biyu a haɗe, ta sake zura da gudu. Bai san komai a likitanci ba, amma ya san injin da ke shirin tsayawa.

A asibiti aka ɗora ta a gadon turawa, aka manna mata wayoyi a ƙirji. Likitar yarinya ce, ba ta fi Auta ba, da tabarau da baƙin takalmin roba. Tana tambaya tana rubutu, ba ta kallon sa.

"Tun yaushe take jin haka?"

"Yau ne ta faɗi."

"Na ji. Kafin yau fa? Tana haki? Jiri? Ƙafarta na kumbura? Tana farkawa da bugun ƙirji?"

Ya buɗe baki. Gado ɗaya suke kwana tun yana da gashi a ka.

"Ban sani ba."

Likitar ta ɗago ta dube shi ta saman tabarau. Ya ji kunya ta rufe shi tun daga wuya. Sai ya tuna. Ya zuge jakar, ya ture carbi da ƙullin goro da katin asibitinsa shi, ya ciro babbar wayar. Kiran da ya yi na nan a fuskarta.

"Akwai wani abu a nan ciki. Mai zobe. Ni ban iya buɗewa ba."

Ta karɓa, ta shafa, ta shafa. Ta ɗaure fuska.

"Baba, wannan ai bayanan namiji ne. Ga shekaru, ga nauyi. Wannan nauyin ya yi biyunta."

"Sunan nawa ne. Zuciyar tata ce."

Ba ta tambayi yadda aka yi ba. Ta ja yatsa tana komawa baya, mako bayan mako, shi ma yana leƙe. Koren zobe a jere, kowace rana a cike, ba fashi. A ƙarƙashinsu jajayen ɗigo, da farko ɗai-ɗai, nan ɗaya can ɗaya, daga baya suka yi yawa kamar an watsa barkono.

"Wannan ya rage mana aiki," ta ce. "Yanzu na san abin da nake nema, da tun lokacin da ya fara." Ta miƙa masa wayar. "Da an kawo ta tun jan farko, ƙwaya kawai za mu ba ta ta koma gida. Ka jira a waje."

Aka tura gadon, ƙofa ta rufe.

Barandar doguwa ce, da benci a jikin bango da warin maganin wanke ƙasa. Ya zauna, ya kasa. Ya tashi. Ya rataya jakar Tsohuwa a kafaɗa don ba inda zai ajiye ta, ƙaton mutum da jakar mata mai fure, wasu mata biyu a benci suna taɓa juna. Bai kula su ba. Mai Agogo ya kira ya ce ya rufe masa shago, makullin na wurinsa, sannan ya ce, "Allah ya ba ta lafiya," ba tare da tsokana ko ɗaya ba. Wannan ya fi komai tsorata shi.

Ya sa hannu a aljihu ya ji agogon. Ya ciro shi yana juyawa. A jikin madaurin, hudar da take sawa ta buɗe ta yi baki saboda yawan amfani, can ciki, inda hannu sai ya zama siriri. Ya ɗora shi a nasa hannun. Sai a hudar ƙarshe ya shiga. Bai san dalilin da ya sa ya ɗaura ba, hannunsa ne dai ke neman abin yi.

Ya ci gaba da tafiya. Daga ƙofar da aka shige da ita zuwa tagar ƙarshen baranda, daga taga zuwa ƙofa. Duk wanda ya fito da farar riga sai ya tare shi, a ce masa ya jira. Rana ta sauko daga saman tagar zuwa tsakiyarta, ta koma ja.

Hasken bai gama tafiya ba Auta ta iso, da kayan ofis a jikinta da ƙurar mota, idanunta a kumbure. Ta tsaya a gabansa. Ta dubi jakar, ta dubi ƙafar wandonsa da ruwan kwata ya bushe a kai.

"Ina wuni, Baba."

"Lafiya. Kin iso?"

Ta wuce ciki. Ita suka bari ta shiga. Ya koma tafiyarsa.

Ta daɗe kafin ta fito. Ta zauna a bakin benci ta haɗa gwiwa, ta yi magana tana kallon bango.

"Bugun ya daidaita. Za su riƙe ta kwana biyu su gani. Magani kuma har iya rayuwa, ba hawan bene da kaya, ba gada." Sannan ta ƙara da cewa, "Inna ta ce in tambaye ka ko ka ci abinci. Ta kuma ce kada in yi maka faɗa, wai ita ta yarda."

"Ba ita ta yarda ba. Ni na sa ta."

"Na sani."

Ya juya ya nufi taga, don ba zai iya tsayawa a gabanta ba. Ya kai, ya juyo. Yana tsakiyar baranda agogon ya girgiza masa hannu, a daidai lokacin wayar Auta ta yi 'yar ƙara a cikin jakarta, ƙarar murna, irin ta wasan yara. Ta ciro ta duba. Ta daɗe tana kallo. Sannan ta ɗago ta dubi hannunsa, sai yanzu ta lura da abin da ke ɗaure a wurin.

"Ya cika," ta ce.

Ya matso ya leƙa. Zoben ya zagayo ya haɗe, kore shar, wasu 'yan taurari na ta fashewa a kansa.

"Ita ta fara shi," ya ce.

Auta ta shafa fuskar wayar ta gangara ƙasa, inda wata 'yar zuciya ke buɗewa tana rufewa da lamba a gefenta. Ta kalli lambar, ta kalli ubanta, gumi na bin wuyansa, jakar uwarta a kafaɗarsa.

"Wannan naka ne?"

"Nawa ne."

"Ya yi sama da yawa. Zauna, Baba."

Ta janye jakarta daga kan bencin. Ya zauna.